Daƙiƙa Arba'in da Biyu

A Gadarif, bayan kasuwar riɗi,
inda Hajja Batula ke jera kujerun roba,
nan gardamar ta samo tushe,
kan tallan fim ɗin da ya ƙare
tun shayi bai fara hucewa ba.

Daƙiƙa arba'in da biyu.
Ni na ƙirga, ni ke tura shi waya zuwa waya,
sana'ata ke nan, ni da tsohuwar kwamfuta.
Me aka nuna?
Ƙafar tsohuwa mai kaushi bisa baƙar laka,
ƙwarya mai ɗinki a gefe,
wata murya ta ce, "Nan ma gabas ce."
Sai duhu, sai sunan Tahiru Ɗan'azumi.
Shi ke nan, ba ƙari.

Jibirin mai raksha ya buga cinya:
"Fim ɗinsa na baya sau goma sha ɗaya na gani!
Wannan yaron, ko bango ya ɗauka
sai ka ji bangon na numfashi."

Mu'azu tela bai ɗago daga maɓallin da yake ɗaurawa ba.
"Na baya? Wanda mutum ya yi minti goma yana shan ruwa?
Ba faɗa, ba waƙa, ba wanda ya auri wani.
Na yi barci na farka, bai ajiye moɗar ba.
In jira nake so, ai ga layin burodi."

Sa'adiyya, da littafin koyon jinya a hammata,
ita harshen ne ya tsaya mata a wuya:
"Ku saurari yadda ta ce gabas.
Wannan Hausar a Khartum aka goge ta.
Duk tsofaffin unguwar nan
ya rasa mai bakin da bai sha sabulu ba?"

Sai Malam Hashimu ya ajiye finjalin jabana,
a hankali, kamar mai ajiye ƙwai.
"Kakata da ƙafa ta zo, Makka ta nufa,
nan guzuri ya ƙare, nan muka tsiro.
Shekara nawa muka yi kafin a daina tambayar
daga ina kuka zo?
Yanzu zai haska mu a bango
a sake tambaya."
Ba wanda ya amsa.
Har garwashi ya yi shiru.

An ce bayan Salla zai fito.
Salla ta wuce, an ce sai an yanke riɗi.
An yanke, an kaɗe, buhuna sun hau mota.
An ce kuɗi ne suka yanke.
An ce a'a, ƙarshen ne bai gamshe shi ba,
sau uku yana binne tsohuwar yana tono ta.
Kowa da nasa an ce,
kowa ya riga ya kalli fim ɗin a kansa,
wani ya yi kuka, wani ya nemi a mayar masa da kuɗinsa.

Duk wannan Hajja Batula na fifita wuta.
Rannan ta ce, "Kai mai waya, mayar baya.
Tsaya nan."
Daƙiƙa ta goma sha tara.
Ta kawo ido dab da gilashi, ta daɗe.
"Ƙwaryar nan ta uwata ce, ni na ɗinke ta.
Bara ya zo ya ara, kwana uku ya ce.
Kuma ina bin sa shayi huɗu."

Muka yi dariya har Jibirin ya ƙware.
Ita ba ta yi ba.
Ta ce in sake sa mata.

Da za mu watse, Mu'azu ya ja ni gefe,
ya danƙa mini katin wayarsa a naɗe cikin ƙyalle:
"In ya fito, ni za ka fara sa wa.
Ba don komai ba,
don in san inda zan kushe."